Rediyo Ya Ce

Asabar, da hantsi

Likita ya ce in riƙa rubutu kullum don yatsuna su daina sandarewa. Na ce me zan rubuta, ni da karatuna bai wuce ajin manya ba? Ya ce ko me. To ga ko me.

Jikata ce ta sayo min littafin. Dakta ake ce mata a jami'a, ni ma haka nake ce mata, amma ina jan sunan yadda za ta san ba girmamawa ba ce. Daktar da ko ciwon kai ba ta iya magancewa. Aikinta binciken abin da mata suka saurara a rediyo da abin da suka karanta a mujallu tun kafin a haifi uwarta. Wato abin da muka yi a kyauta muna tsintar shinkafa, shi ake biyanta albashi a kai, har da ofis da fanka. Da na sani da na sayar da kunnena da tsada.

Ta rubuta littafi, shekara da shekaru tana fama da shi. Yanzu yana gaban kwamitin da zai duba ko ta isa a ce mata Farfesa. Ina ciki. Ni ce "wata dattijuwa" ta babi na uku. Na ce ta goge dattijuwa ta sa kyakkyawa, ta ƙi.

Abin da littafin ya tsaya a kai shi ne shirin mata na ranar Laraba, wanda ya tura matan layinmu makaranta. A layin kaf rediyo ɗaya ne, na maƙwabciyarmu da muke kira Tasha. Mijina marigayi mai gyaran rediyo ne, amma gidansa babu rediyo, wai ya gaji da surutu a shago. Ranar nan na tare shi da shayi na ce, "Rediyo ya ce kowane magidanci ya bar matarsa ta shiga ajin manya." Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe, sannan ya ce, "To, tunda rediyo ne ya faɗa." Bayan sati biyu rediyo ya ƙara cewa miji ya raka matarsa da kansa, ya riƙe mata tocila a hanyar dawowa. Haka bawan Allah ya yi ta bina kullum da yamma yana ƙunƙuni, wai an mayar da shi ɗan rakiya. Mutum mai taurin kai kamar ƙusa, akwati mai magana ya lanƙwasa shi. Har yau in na tuna sai na dara.

Yau an kawo wa Dakta kwalaye cike da kaset. Gidan rediyon na tashi daga tsohon gininsa, suka tsinci faifan shirin a ɗakin ajiya, aka juye mata. Sai da ta yi rawa a falo. Rawar 'yan boko, kamar mai kashe kyankyaso.

Litinin, da azahar

Ta toshe kunnuwa da abin sauraro tun safe. In ka yi mata magana sai ta ɗaga maka yatsa ɗaya. Na zage ta tas a gabanta tana murmushi tana gyaɗa kai. Daɗin duniya kenan.

Mijinta, Malam Shiru, shi ya soya mana ƙwai. Injiniya ne, kuma tunda ya auri jikata ban ji ya haɗa jimla uku a jere ba. Na ce masa, "Angona, in ta zama Farfesa ka sake ta ka dawo gare ni, ni ba ni da kaset." Ya ce, "To." Shi kenan jawabinsa na yau.

Laraba, bayan la'asar

Ta cire abin kunnen ta zo ta tsaya a kaina.

"Kaka, wace shekara kika shiga ajin?"

"Shekarar da aka yi ruwan da ya cinye gadar kasuwa. Ina goyon uwarki."

"Kin tabbata?"

"Goyon nawa ne ko naki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta koma ta zauna. Ban so yadda ta ja kujerar ba.

Alhamis, da magariba

Ba ta ci abinci ba.

Asabar, da safe

Jiya ta faɗa. Ta saurari shirin shekarar kaf, da na shekarar da ta gabata, da na wadda ta biyo baya. Babu makaranta a ciki. Ko kalmar. Wata mata ce mai murya kamar an shafa mata mai tana koyar da wankan jariri, da cire tabon miya daga farar riga, da yadda ake tarbar maigida da fara'a ko da ya dawo da fushi.

Na ce to faifan bai cika ba. Ta ce ya cika, kowane sati da kwanan watansa.

Na ce, "To ni ce maƙaryaciya kenan?"

Malam Shiru ya ƙara shiru a kan nasa. Na san abin da ke ransu. Ni ce na taɓa gaya wa jikokina cewa na hau jimina zuwa asibiti ranar haihuwar kawunsu. Ni ce na ce musu haƙorin gwal ɗina kyautar matuƙin jirgin sama ne. To wannan wasa ne, kowa ya san gishirin labari. Amma ajin manya ba wasa ba ne. Da shi nake rubuta wannan.

Ta durƙusa ta riƙe gwiwata ta ce ba ni kaɗai ba ce, tsofaffi da yawa sun gaya mata haka. Amma littafin ya ce shirin ne ya faɗa, shirin kuma bai faɗa ba. Kwamiti zai zauna ƙarshen wata. In ginshiƙin ya faɗi, littafin ya faɗi, shekarunta sun bi ruwa.

Lahadi, da hantsi

Na kawo shawara. Na ce kaset abu ne mai rauni. Ruwa na iya zuba masa. Ɓera na iya sha'awarsa. Tsohuwa mai rawar hannu na iya wucewa da butar shayi.

"Kaka."

"Ban ce ni ba. Tsofaffi sun yi yawa a duniya."

Ta ce aikinta kenan, ta faɗi abin da ta ji, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba. Gobe da kanta za ta je ta gaya wa shugaban sashensu. Na ce wa ya aike ki? Ta ce, "Ke. Ke kika ce in na fasa kofi in faɗa kafin a tambaya." Ka ji sharrin tarbiyya. Ka shuka ta a kan kofi, ta tsiro maka a kan Farfesa.

Litinin, da yamma

Ta je. Ta dawo. Abin da aka faɗa mata a wannan ofis, da wanda ya yi dariya, ba zan ɓata alƙalamina da shi ba. Akwai wanda tun farko yake cewa hirar mata ba ilimi ba ce. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma ƙara masa sanƙo.

Ta cire takalmi a bakin ƙofa ta bar su a kife. Ban gyara ba.

Talata, da azahar

Ba ta ci abinci ba. Shayi rabin kofi.

Laraba, da safe

Na ji tana gaya wa mijinta za ta janye littafin, wataƙila ta ajiye aikin ma. Wai ɗalibanta mata da take koya wa yadda ake tambayar tsofaffi, da wane ido za ta dube su. Ya ce mata, "A'a." Kalma ɗaya, amma na ba shi maki.

Ni dai na san abin da na sani. Rediyo ya ce.

Alhamis, bayan la'asar

Na kira Mai Ɗinki a waya na ce ta zo ta wanke ni. Tare muka yi ajin, benci ɗaya, ita ce mai leƙen allona. Ta iso da sandarta da jakarta da bakinta.

Tun daga ƙofa ta fara. "Ina 'yar bokon da ta ce mun yi ƙarya? Rediyo ya faɗa, har ya ce mace ta riƙe kuɗin ɗinkinta a hannunta."

Na ce wannan ban ji ba.

"Yaushe za ki ji, kina can kina yi wa mai gyara kwalliya? Ya kuma ce haihuwa a asibiti."

"Wannan na ji. Amma cewa ya yi ta fari kawai."

"Duka ya ce."

"Ta fari."

"Ke da ko ranar aurenki ba ki tuna daidai."

Muna cikin haka sai na ga Dakta a bakin ƙofar ɗakinta, gashi a tsaye, idanu sun faɗa. Ta daɗe tana kallonmu kamar kyanwar da ta ji motsi a bayan buhu. Ta koma ciki ta fito da rikodarta, ta zauna a ƙasa tsakaninmu.

"Inna, ranar da aka faɗi maganar kuɗin ɗinki, a ina kike zaune?"

"A tsakar gidan Tasha mana, kan turmi." 

"Rediyon yana ina?"

"A ɗakinta, kan kantar kwanuka, an rufe shi da ƙyalle mai fure."

"Kina jiyo shi daga tsakar gida?"

Mai Ɗinki ta dube ni. Na dube ta.

Na ce ai lokacin shirin kowa na kan girki. Kuma mijin Tasha ba ya son taro a ɗakinsa. Ita take saurara, in mun sauke tukwane sai mu taru, ta fito ta ba mu. Da muryar matar da komai, har kiɗan farko take yi da baki.

"Kaka, ke da kunnenki, kin taɓa jin shirin nan? Ko sau ɗaya?"

Na laluba shekarun nan kaf, ko sau ɗaya babu.

Dakta ta miƙe a hankali ta shiga kicin. Muka ji ƙarar murfin tukunya. A tsaye ta cinye shinkafar jiya, da sanyinta, da cokalin miya.

Juma'a, da hantsi

Tun safe take kan waya tana bin tsofaffin da ta yi hira da su, tambaya ɗaya take musu: da kunnenki? Na layinmu duka a bakin Tasha suka ji. Har da na layin bayan makaranta, su kuma a bakin wadda ta ji a bakin Tasha. Tana ajiye waya tana rubutu tana magana ita kaɗai. Ta ce laifinta ne, shekara da shekaru tana tambaya me aka ce, ba ta taɓa tambaya wa ya ce ba.

Ni kuwa ban yi barcin rana ba don takaici. Ni. Ni da na sayar wa jikoki jimina. A ce wata ta zaunar da ni kan tabarma ta yi min ƙarya sati bayan sati, na haɗiye, na kai wa mijina, na kai wa jami'a, har aka buga a babi na uku. Ashe gwanin wanka ma akwai mai cuɗa masa baya.

Sai kuma dariya ta kama ni har Malam Shiru ya leƙo da ruwa.

Asabar, da azahar

Dakta ta ce hasashe ba hujja ba ne. Sai ta ji daga bakin Tasha, in ta yarda a ɗauka. Ta tambaye ni ko tana raye.

Tana raye. Tana gidan 'yarta, nas ce, can ƙetaren titin jirgi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta bara ban je ba. Gwiwata ce. Kuma benen gidan da tsawo.

Lahadi, da yamma

Gidan ba bene ba ne. Dakta ta tambayo.

Litinin, da safe

Na ce ta je ita kaɗai. Ta ce nas ɗin ta ce uwar ba ta cika magana da baƙi ba yanzu, wani lokacin ko da 'yan gida. Sai dai ko in ta ga tsohuwar fuska.

Matar da in ta fara labari a bakin famfo sai bokiti ya cika ya zube ba wanda ya lura. Ni a haka na san ta. A haka nake son in bar ta.

Na gaya wa Dakta tsohuwar fuska ai ga Mai Ɗinki, tata ta fi tawa tsufa. Ba ta matsa min ba. Da ta matsa da na ji daɗin ƙi.

Talata, bayan azahar

Na sa an goge min mayafina mai ruwan toka. Ba don komai ba, ya daɗe a ninke.

Laraba, da hantsi

Mun shirya, har Malam Shiru ya tayar da mota, sai nas ta kira. An kwantar da Tasha a asibiti tun asuba. Ba ta faɗi da yawa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na zauna da mayafina a jiki har azahar.

Alhamis

Shiru.

Juma'a, da yamma

Shiru. Kwamiti sati mai zuwa. Dakta ba ta ambaci kwamiti ba ko sau ɗaya, sai dai ta ce, "Kaka, kin ci abinci?" Duniya juyi-juyi.

Lahadi, da safe

An sallame ta. Nas ta ce mu zo gobe da hantsi, lokacin ta fi sakewa. Na ci burodi da ƙwai biyu, na kuma ci na Dakta da ta tashi ɗaukar waya.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta wannan a hankali, yatsu ku yi haƙuri.

Ɗaki ne ƙarami mai tsabta, gado kusa da taga, kwalaben magani a jere kan tebur, kujerar guragu a ninke bayan ƙofa. Ta ƙanƙance. Gefen fuskarta ɗaya ya sauka, hannun dama yana kan cinya kamar ba nata ba. Idanun dai suna nan, irin na mai shirin cin bashin dariya.

Dakta ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi bayani tiryan-tiryan, ko wace ce ita, me take nema, kuma in ba ta so ba za a kunna komai ba. Tasha na kallon taga. Nas ta ce mu yi haƙuri, wataƙila yau ba ranar ba ce. Dakta ta fara mayar da rikoda cikin jaka.

Ni kuwa na ja kujera har gwiwata ta taɓa gadon. Na ce, "Ke maƙaryaciya. An kama ki. An samo faifan, mun ji matar. Tabon miya take koyarwa."

Kafaɗarta ta fara rawa. Nas ta taso a tsorace. Ashe dariya ce, da rabin baki, har da hawaye.

Ta ce, "Sai... yanzu?"

"Sai yanzu."

"Daƙiƙiya."

Rabona da jin daɗin zagi irin wannan tun ina amarya.

Ta nuna rikodar da haɓa. Dakta ta kunna. Maganar tana fitowa ɗaya-ɗaya kamar ɗigon famfo, inda ta maƙale in cika mata, in na cika ba daidai ba ta harare ni. Ta ce da farko gaskiya take kawo mana, muna hamma. Wa zai koya wa uwar 'ya'ya biyar wankan jariri? Sai ranar da ƙanwar Mai Ɗinki ta kusa mutuwa wajen haihuwa a gida, ta ce bari ta ɗan ƙara gishiri, ta ce rediyo ya ce asibiti. Ta ga maza sun bi. Abin da matansu suka yi shekaru suna roƙo, akwati ya faɗa sau ɗaya an yi. Daga nan in mace ta kawo mata kuka ranar Litinin, ranar Laraba rediyo ya san da shi.

Dakta ta ce, "Inna, ba ki ji tsoron wani namiji ya saurara ya gane ba?"

"Namiji... ya ji shirin mata?"

Nas ma sai da ta zauna don dariya.

Sai Tasha ta juyo gare ni. Ta ce ɗaya dai ya gane. Shekarar ruwan gada, damshi ya kashe rediyon. Ta kai shi gyara a ɓoye cikin kwando. Kayan gyaran sai an yi oda, ya yi wata da watanni a shago. Ita kuwa ta sa kwalin sabulu a kan kantar ta rufe da ƙyalle mai fure, ta ci gaba da kawo mana shiri.

Na ce, "Wane shago?"

Ta ce, "Shago nawa ne... a layin?"

Ɗaya ne. Na mijina.

Ta ce bayan na kai masa maganar ajin manya, washegari ya tare ta a bakin famfo. Ya ce, "Maƙwabciya, na ji rediyonki da ke kan teburina a buɗe, hanjinsa a waje, ya yi magana jiya." Ta ce nan take ta ga aurenta ya ƙare, nawa ma. Shi kuwa ya gyara tabarau ya ce, "In zai sake magana, ya ce miji ya riƙa raka matarsa. Hanyar nan ba fitila. Ni in na faɗa da bakina, 'yan shago za su ce an shanye ni."

Ban san lokacin da na kama hannun nan nata da ba ya motsi ba.

Ƙunƙunin nan duka. Kullum da yamma, tocila a hannu, wai an mayar da shi ɗan rakiya. Yana tsaye a bakin taga har a tashi, wai sauro na cinsa saboda ni. Shekara nawa ina ba da labarin yadda na yi masa wayo, a gabansa ma na sha bayarwa, yana shan shayinsa yana cewa, "Ai kin iya."

Dakta ta kashe rikodar da kanta. Ta ba ni hankici. Na ce mura ce, maganin asibitin nan ke sa ni atishawa.

Da za mu tafi ta tambayi Tasha ko ta ɓoye sunanta a littafin, kamar yadda ake yi. Tasha ta ce, "Da manyan... baƙi."

Laraba, da safe

Falo ya zama kasuwar takardu. Ɗalibanta mata sun cika gidan, wasu na rubuta hirar, wasu na bin sauran tsofaffi da rikoda. Ta ce littafin da ta rubuta da farko labarin gidan rediyo ne da ya wayar da mata. Na gaskiyar kuwa labarin mata ne da suka ari bakin rediyo suka ci albasarsu. Na ce wannan maganar tawa ce. Ta ce za ta sa ni a ƙasan shafi. Kullum ni ce a ƙasa.

Wata ɗaliba ta tambaye ni ko gaskiya ne na hau jimina. Na ce ta kunna rikoda.

Juma'a, da magariba

Kwamiti ya zauna. Da kanta ta shiga ta ce a ba ta littafinta, akwai kuskure a ginshiƙinsa, ga kuskuren, ga abin da ta samo. Sun ce doka doka ce, ba a sauya littafi a tsakiyar dubawa. Farfesa sai zagaye na gaba, baɗi in Allah ya kai mu.

Na shirya zagi mai kyau, na tsara shi tun daga kakannin kwamitin. Sai ga ta ta shigo tana waƙa, ta jera takalmanta daidai. Ta ce wata tsohuwar Farfesa a cikinsu ta biyo ta har mota ta ce ta gabatar da abin a babban zaure wata mai zuwa, a kunna muryar Tasha kowa ya ji. Mai sanƙo kuma bai yi dariya ba yau.

Na ce to maganar ajiye aiki fa? Ta ce, "Wane aiki? Yanzu na fara."

Ta cinye plate biyu... a'a, faranti biyu, kar likita ya ce ajin manya bai koya min komai ba. Zagin nawa na ajiye shi, ba ya lalacewa.

Asabar, bayan la'asar

Na koma wajen Tasha, ni kaɗai a motar haya. Gwiwar ta yi sauƙi. Na gaya mata za a kunna ta a jami'a da lasifika. Ta ce a ƙarshe dai ta shiga rediyo. Nas ta ce in an ga hali za a kai ta a kujerarta. Ba mu yi maganar in ba a ga hali ba.

Laraba zan koma, da Mai Ɗinki. Tasha ta ce akwai shiri.

Lahadi, da yamma

Dakta za ta koma ofis ɗauko wasu kaset, rana ta kusa faɗuwa. Malam Shiru na kwance kan doguwar kujera da jarida a fuska. Na taɓa ƙafarsa da sandata.

Na ce, "Angona, rediyo ya ce miji ya raka matarsa."

Gidan nan ko rediyo babu, kowa da wayarsa. Ya ɗaga jaridar, ya dube ni, ya dubi matarsa. Ya miƙe ya ɗauki makullin mota.

Ya ce, "Ni ma na ji shi."

Na tsaya a taga har suka fita layi. Mai gyara, kana ji ko? Ai ka iya.